Jakar Hawan Kufena

Wanda ya ce jaka ɗinki ce kawai ya matso nan in ga fuskarsa. Kai ne? To zauna, ba dukanka zan yi ba, hannuna ya daina wannan aikin. An turo ku ku koyi ɗinkin jaka kafin hutu ya ƙare, an ce muku da kun iya taka keken ɗinki shi ke nan. Ni ban ce ba za ku iya ba. Amma tunda kun cika mini zaure kun tare mini haske, sai kun ji abin da jaka take ci kafin ɗayanku ya taɓa mini almakashi.

Sunana Iro, baduku ɗan baduku. A nan Kusfa, cikin birnin Zazzau, aka haife ni, a wannan zauren kuma na koyi aikin fata a hannun ƙanen mahaifina, Baba Sale. Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai gafaka ce, jakar da malamai ke zuba littattafai su rataya a kafaɗa. Kafin nan na daɗe ba abin da nake yi sai wasa aska da yanka zaren fata. Idan zaren ya fi kauri a wani wuri, Baba Sale ba ya faɗa, sai dai ya miƙo maka ka sake. Ranar gafakar na zaɓi fatar akuya, na yanka, na bi ta da basilla huda bayan huda, na ɗinke, na shafa mata jan karan dafi har tana ɗaukar ido. Na kai masa ina ji da kaina. Bai dubi ɗinkin ba, bai dubi rinin ba. Ya ɗora ta a tafin hannu, ya ɗaga ya sauke, ya ce, "Wa ka tsana da za ka sayar masa da wannan?" Na ce me ta yi, Baba? Ya ce, "Ba ta da nauyi."

A haka muka tashi. A wurinmu nauyi shi ne amana. Mai saye in ya shigo, kafin ya tambayi komai sai ya jinjina jaka a hannu, in ya ji ta sakwat ya san baduku ya ci fata, ya ajiye ya wuce gaba. Saboda haka muke ninka gindi, mu yi shafi a ciki, mu ƙara wani ninki a baki. Wanzami ya sayi zabira a wurin Baba Sale, ɗansa ya gaje ta, jikansa ya kawo mini ita gyaran hannu. Ba mu taɓa tunanin kafaɗar mai ɗauka ba, domin mai ɗaukar ma bai taɓa kawo ƙarar kafaɗarsa ba. Daga gida zuwa makarantar zaure ne, daga gida zuwa kasuwa, in tafiya ta yi nisa akwai jaki.

Fatar da nake aiki da ita kuwa daga hannu ɗaya take fitowa, hannun Tanimu majemi. Sa'ana ne, tare muka yi karatun allo, shi ya bi ubansa majema ni na bi Baba Sale. Ramukansu na jima suna can gefen ganuwa. Da can in ka je da safe ba ka samun wurin taka ƙafa, wannan na kankare gashi, wancan na dakan bagaruwa, wani na murza fata a cikin ruwan jima, an shanya wasu jere a kan igiya. Ku da kuka ga fata a kasuwa kuna zaton haka aka fiɗe ta daga akuya. A'a. Sai an jiƙa, an cire gashi, an kankare nama, an tsoma a bagaruwa an fitar an sake tsomawa, an shafa mai, an miƙar. In majemi ya yi gaggawa fatar za ta karye a hannunka kamar busasshen ganye, in ya yi sakaci ta ruɓe. Tanimu bai taɓa kawo mini wadda na mayar masa ba. Rigima dai muna yi kullum, shi ya ce ina ɓata masa fata da rini, ni in ce ba don rinina ba wa zai kalli fatarsa.

Jakar goyo ta shigo mana ne ta bayan 'yan makaranta. Wata Hajiya daga Kwarbai ta kawo mini ta 'yarta, ta gwanjo, hannu ɗaya ya tsinke. Lokacin Baba Sale ya riga ya rasu, zauren yana hannuna. Na ce ta dawo jibi. Gyaran bai kai na shan shayi ba, amma sai na farke jakar gaba ɗaya don in ga yadda aka yi ta, na baje gutsattsarin a tabarma ina kallo. A nan na fara gane jakar rataye daban, jakar goyo daban. Ta rataye tana lilo a gefe, iska na ratsa tsakaninku. Ta goyo manne take da bayanka, kana zufa tana sha, kana numfashi tana motsi. Hannunta dole ya yi faɗi, ya ɗan lanƙwasa yadda ba zai ci wuya ba, kuma inda ya haɗu da jikin jaka nan ne ranta yake. Na mayar da ita yadda take, na sayi keken ɗinki na hannu na biyu, na fara yi wa yara tasu: jiki na tamfol, gindi da hannuwa na fata. Da haka na riƙe kaina, na riƙe Tanimu, muka yi shekaru muna cin abinci.

Sai shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba. Na riga na ɗinka kaya na tara don komawar yara, yara ba su koma ba. Jakunkuna suka zauna a rataye har fumfuna ta hau su. Da aka buɗe, iyaye ba su da ƙarfin tawa, kasuwa kuma ta cika da na yadin roba masu hoton zane, masu mutuwa kafin zangon karatu ya ƙare, amma yaro su yake so. A wannan layin namu badukai sun watse. Wani ya koma acaɓa, wani yana sayar da rigar waya a bakin titi. A majema abin ya fi muni, domin dillalai suna bin mahauta suna kwashe ɗanyar fata tun da ɗuminta, wadda ta rage kuma a babbake ta a ci ganda. Majema suka bar ramukansu ɗaya bayan ɗaya har ya zama saura Tanimu, masu sayensa kuma suka ƙare har ya zama saura ni.

'Ya'yansa suka tasa shi gaba. Wurin ya yi daraja, gari ya iso shi, suna so a cike ramukan a gina shaguna. Ba mugaye ba ne, suna da iyali, kuma abin da suka faɗa gaskiya ne. Tanimu ya zo nan ya zauna inda kake zaune, kai mai jar hula, ya ce, "Iro, na gaya musu, muddin kana saye ba mai zuba mini ƙasa a rami. Ranar da ka daina, su kawo tifa." Na ce to ashe za su tsufa suna jira. Na faɗa ne da baki, amma na san abin da nake saye a lokacin bai kai ya jiƙa rami ɗaya ba.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, wani saurayi ya yi sallama, dogo, da gilashi, ya ce sunansa Nura, malamin makaranta ne, a Gyallesu yake zaune. Su wata ƙungiya ce, malamai da likitoci da ma'aikata, duk Asabar suna hawan dutsen Kufena don motsa jiki. Na ce ikon Allah, mu da muna hawa ne in akuya ta ɓata. Ya yi dariya. Ya ce jaka yake so, ta goyo, wadda zai zuba gorar ruwa da ɗan abinci da dardumar salla ya hau dutse, ran Litinin kuma ya sa kwamfutarsa a ciki ya tafi aiki. Ya ce ya gaji da na waje, yana son ta gida, ta fatar Zazzau, kuma in ta yi, duk 'yan ƙungiyar za su yi, da abokansu na Kaduna da Abuja. Sai ya ƙara da cewa, "Sharaɗi ɗaya ne, Baba Iro. Kada ta yi nauyi."

Na dube shi. Duk rayuwata ba wanda ya taɓa shigowa zauren nan ya roƙe ni abin da aka hana ni tun ina yaro. Amma na ga hanya, na ce za a yi.

Ban jira la'asar ba na tafi majema. Tanimu ya saurara, ya goge hannu a zanen aikinsa, ya ce mutum nawa ne. Na ce da yawa. Ya ce, "Fatar 'yar akuya za a nema, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Zan kankare maka ita har ka ga yatsanka ta ciki." Ranar har rakiya ya yi mini zuwa bakin hanya, abin da bai saba ba. Kuma ya cika alkawari. Fatar da ya kawo mini ban taɓa riƙe irinta ba, tana ninkuwa a hannu kamar yadin shadda da ya sha wanki.

Ta farko na yi ta yadda hannuna ya sani. Na rage ninki, na cire shafi, na yi aljihun gora a gefe, na rina ta ja ciki da waje, gaba da baya, domin a gidanmu fata ba ta fita zaure tsirara, wannan abin kunya ne. Malam Nura ya karɓa yana ta ɗaukar ta hoto. Ran Asabar da azahar sai ga shi, ya juya ya nuna mini bayansa. Farar rigarsa daga kafaɗa zuwa ƙugu ta yi jawur. Ya ce matan ƙungiyar har salati suka yi, sun zaci faɗuwa ya yi. Karan dafi ne ya haɗu da zufa. Gafaka ta yi shekara da shekaru a kafaɗar malamai ba ta ɓata rigar kowa ba, saboda ba ta kwanciya a bayan mai hawan dutse. Muka yi dariya tare, na ce ya kawo rigar in ƙarasa rina masa ita.

Ta biyu na bar bayan ba rini, na sa masa soso na rufe da yadi. Fata ta ragu ke nan. Ya dawo ya ce bayan ya yi, amma hannuwan suna cin kafaɗa in zufa ta jiƙa su. Na cire hannuwan fata na sa na igiyar roba mai faɗi. Fata ta ƙara raguwa. Ya ce maɗaurin bakin yana ɓata masa lokaci, na sa zif. Na koma na fere fatar jikin da aska, na bi ta a hankali har na ji tsoron hannuna. Wannan kuma ta yage daidai inda hannu ya haɗu da jiki, domin ba abin da zare zai kama. Na sake wata. Duk gyaran da na yi, in na duba, fata na cire na sa wani abu. Ban gaya wa Tanimu haka ba. In ya tambaya sai in ce ana nan ana daidaitawa.

Da ruwa ya zauna sosai Malam Nura ya zo da wata magana. Ya ce jakar ta yi kyau, kowa na yabawa, amma in yayyafi ya same su a kan dutse sai ta yi masa nauyi kamar ya goya yaro. Raina ya ɓaci. Na ce kafaɗunku ne na 'yan boko, ba ku saba ɗaukar komai ba sai biro. Bai ji haushi ba, ya ce, "To Baba, ka zo ka goya ta da kanka mana." Na ce zan zo, kuma zan riga ku kaiwa sama.

Ya ɗauke ni a babur bayan sallar asuba. Na tarar da su a gindin dutse, maza da mata, kowa da takalmin kambas da 'yar jakarsa a baya. Suka yi ta gaishe ni, an ce ga mai jakar. Na zuba gorar ruwa biyu da darduma da ƙunshin ƙosai a tawa, na goya, muka kama hawa. Da farko lafiya lau, har ina tsokanar na bayana. Sai hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko, ba mai ƙarfi ba, irin mai jiƙa mutum a hankali. Na san fata na shan ruwa, wane baduku ne bai sani ba? Amma sani a zaure daban, sani a kafaɗa daban. Jakar ta fara ja na baya. Duk inda na ɗaga ƙafa sai in ji kamar wani ya riƙe mini riga. Na kai wani faffaɗan dutse na zauna, na ce takalmina nake gyarawa.

Malam Nura ya tsuguna kusa da ni. Bai ce na gaji ba, yaron yana da tarbiyya. Ya ce, "Baba, ina so ka gwada mini wannan, ka gaya mini aibinta." Tsohuwar jakarsa ce ta waje, yadinta irin na lema, launin toka, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ya juye kayansa, ya zuba nawa a ciki, kaya ɗaya, gora biyu da darduma da ƙosai. Ya ɗaura mini wata 'yar igiya a ƙirji, ya ja wasu biyu a gefe. Na miƙe. Sai da na kai hannu baya na taɓa don in tabbatar tana nan. Ruwa na sauka a kanta yana gangarewa. Na hau sauran dutsen ina neman aibinta, na nema da gaske, har muka kai sama ban samu ba. Wallahi na tsani jakar nan, kuma ban taɓa goya abin da ya kai ta daɗi ba.

A sama ruwan ya ɗauke. Suka baje suna cin abinci suna ɗaukar hoto, gari gaba ɗaya a ƙarƙashinmu. Malam Nura ya ja ni gefe, yana riƙe da tawa, ta yi baƙi ta yi luntsum da ruwa. Ya ce sun yi shawara. Sun san tana da nauyi, amma sun yarda za su saya duk da haka, don a taimaki na gida. Ya ce magana ɗaya ta rage, tawa. "Kai ka san jaka, Baba. Ka goya duka biyun. Wacce za mu ɗauka?"

Da na ce tawa, shi ke nan, an gama. Na san haka, kuma na san wanda ke jiran amsar a gefen ganuwa. Na ce masa, a matsayin wa kake tambayata, mai sayarwa ko uba? Ya ce uba. Na ce to kada ku saya. Za ku goya ta sau ɗaya ku rataye a ƙusa, ku koma wa waccan, in an tambaye ku ku ce aikin gida sai haƙuri. Fata ba ta wannan aikin ba ce. Na iya yi muku gafaka, na iya yi muku jakar zuwa biki, amma ta hawan dutse da damina, wancan yadin ya fi ni. Ya ce in sake tunani. Na ce na yi tunanin da kafaɗata tun daga ƙasa.

Ashe tsohuwar tasa zif ɗinta ya fara lalacewa, wasu daga cikinsu ma ba su da ta kirki. Ya roƙe ni in raka shi kasuwar Sabon Gari in zaɓar musu. Na je. Ku buɗe kunne a nan, domin wannan ne kaɗai abin da zai amfane ku. Na fara ɗaga kowace ba komai a ciki, wadda ta yi nauyi tun tana wofi na ajiye ta, ni Iro, da wannan hannun. Na juye cikinsu waje na duba ɗinki, domin mai ha'inci a ciki yake ɓoyewa, in ka ga bakin yadi a sake ba a naɗe shi ba, zai zare. Na taka gindin jaka na ja hannunta da ƙarfi, mai shago yana cewa Baba a hankali, na ce dutse ba zai yi mata a hankali ba. Zif na kai na komo, na zaɓi mai manyan haƙora. Na hana Malam Nura ɗaukar babba. Ya ce ai za ta fi cin kaya, na ce shi ne laifinta, duk wurin da ka gani sai ka cika, kuma kai za ka ɗauka. Wadda za ta ci kwamfuta da gora da darduma ta isa. Na duba bayan ko sosonsa yana da hanyar da iska za ta bi, na duba igiyar ƙirji, na karɓi ruwan leda na zuba a yadin muka ga ya gangare. Daga ƙarshe na sa aka zuba mata kaya ya goya, ya zaga layin ya dawo. Mai shagon ya ce, "Baba, kai ma sayar da jaka kake?" Na ce da can dai.

Daga can ban biya gida ba, na wuce majema. Babbar Salla ba ta daɗe da wucewa ba, ashe Tanimu ya bi gida gida, ya riga dillalai, ya tattaro fatun layya, ya ware na awaki. Ramukan da suka yi shekaru a bushe duk ya share su ya cika. Igiya ta cika da shanya. Yana tsaye cikin rami, ruwan jima har gwiwa, yana murza fata yana 'yar waƙarsa. Da ya gan ni ya ce, "Ka zo a daidai, zo ka ga wannan, ta fi waccan laushi."

Na tsaya a bakin ramin na gaya masa komai, tun daga jar riga har zuwa kasuwa. Ban rage ba. Bai daina murza fatar ba sai da na kai inda suka ce za su saya duk da nauyin. Nan ya tsaya.

Ya ce, "Su suka ce za su saya?"

Na ce su suka ce.

"Kai ka ce kada su saya."

Na ce ni na ce.

Ya fito daga ramin, ya zauna a kan kututturen da yake kankare gashi. Ya daɗe yana kallon shanyar. Sannan ya ce, "Da ka bar su, Iro. Kafaɗarsu ce, ba taka ba." Na ce da kai aka tambaya fa? Ya ce, "Da ni ne da na yi shiru." Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi. Na ce zan ci gaba da sayen abin da na saba. Ya ce, "Wannan da kake saye don kunyata? Na daɗe da sani. Bar shi haka nan."

Bai bar fatun sun lalace ba. Ya ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, bai gaggauta ko ɗaya ba, ya sa aka kawo mini su a baro. Ga su can a sama, ku ɗaga kai. Ban san abin da zan yi da su ba, kuma ba zan ba ku ku koyi yanka a kansu ba, tamfol za ku yanka. Da kaka ta yi tifa ta zo. Ban je ba. An ce shi da kansa ya nuna wa direban inda zai fara juyewa.

Ku kuwa zan koya muku abin da aka turo ku ku koya. Za ku iya sa zif, za ku iya maye hannun da ya tsinke, domin yanzu aikin ke nan, gyaran abin da wasu suka ɗinka a wata ƙasa. Malam Nura yana turo mini 'yan ƙungiyarsu da gyara, Allah ya saka masa. Kada dai wani a cikinku ya tambaye ni ko sana'ar tana da gaba. In da tana da shi da 'ya'yana ne zaune a nan, ba ku ba.

Ni da Tanimu ba mu ɓata ba. Ba ma dai haɗuwa, don ba abin da zai kai ni can, ba abin da zai kawo shi nan. Majemi kuwa, in ba ku sani ba, yana da wari, warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata, ba sabulun da ke fitar da shi. Tun muna samari ban taɓa waiwayawa don in san Tanimu ya shigo masallaci ba, hancina ke gaya mini, in matsa masa wuri. Wata Juma'a kwanan baya na zauna a sahu ina jiran huɗuba, wani tsoho ya zo ya zauna a damana, farar riga, ɗan turare. Na matsa masa kamar yadda ake matsa wa baƙo, ban dube shi ba. Muka ji huɗuba, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Sai da aka sallame ya miƙo mini hannu, hannu fes, mai laushi, farce fari.

Ya ce, "Iro, ko gaisuwa babu?"

Na riƙe hannun na ce ya yi haƙuri, ban ji shigowarsa ba.